Burtalin da Na Nome

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga Mai-sunan-Malam,

Gaisuwa mai yawa da sa albarka daga mahaifinka. Ina roƙon Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya sa aikin malamin gona da aka ba ka ya zama alheri gare ka da mu da jama'a baki ɗaya. Amin.

Bayan haka, kada ka yi mamakin takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naka. Ka san halinmu. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina ne a kanka, tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido cikin ido na yi maka doguwar magana ba. In ina da saƙo baffanka Sale ke kai maka, in kana da amsa shi ke kawo mini. To, wannan magana ta fi ƙarfin bakin Sale, ga shi kuma jibi motar kasuwar Ajingi za ta ɗauke ka. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na je gona na dawo, na kwance akuya na sake ɗaure ta, har innarka ta tambaye ni ko kunama ce a buzuna. Shi ya sa na ɗauko fensir. Rubutun ɗan ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai don haka aka kai ka makaranta.

Maganar gonar bakin burtali ce. Sale ya gaya maka Ardo Manu ya aiko yana roƙon a buɗe wa shanu tsohuwar hanyarsu ta zuwa fadama kafin ruwa ya sauka. Ya gaya maka su Tanko, masu sauran gonakin da ke kan hanyar, sun ce in gidanmu ya saki tasa su ma za su saki, tunda tamu ce a baki. Amsar da ya kawo mini ita ce ka ce gonar taka ce, da takarda. Ka ce bana za ka kawo tarakta da sabon iri ka mai da ita gonar gwaji, ka gayyato manyanka na ofis su gani. Ka kuma ce ƙasa ba za ta ci gaba ba in ana tsayawa sauraron kowane mai sanda. Da Sale ya faɗi ta ƙarshen nan sai da na sa ya maimaita. Wallahi muryata na ji a cikinta.

Ba ka san yadda wurin nan ya zama gona ba, don kana aji uku a Gaya lokacin, kuma duk wanda ya sani a unguwar nan yana jin nauyin gaya maka. Ni zan gaya maka.

Da can burtali ne, shanu goma sa jera a cikinsa, shingen aguwa dama da hagu, tun daga jigawa har fadama. Kakanka haka ya tarar da shi. Ardo Manu kuwa abokina ne tun muna samari. In an yi girbi ya sauko da garkensa gonarmu su yi kwana arba'in, su cinye kara da harawa su bar mana taki, ni kuma in kai masa damin gero. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa mai bin wutsiyar saniya, mu yi ta dariya. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da kai har innarka ta fid da rai, matarsa ce ke tako ƙafa kullum da ƙwaryar madara, ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar hatsi ba.

Sai aka naɗa ni mai unguwa, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Kai, rawani! Ƙyalle ne fa, amma ranar da aka naɗa mini shi na ji wuyana ya ƙi juyawa. Lokacin gyada ake yayi, kowa maganarta yake. Malamin gona na wancan zamani, wani dogo mai keke, ya zo ya ce unguwar da ta fi kowa gyada a ƙasar hakimi za a kai mai unguwarta nunin amfanin gona, a kuma faɗi sunansa a rediyo. Rediyo! Daga ranar na daina kallon gero da dawa da mutunci. Ina tafe ina jin sunana a bakin mai karanta labarai. In na ce maka don jama'a na yi, na yi ƙarya. A baki dai ci gaban ƙasa nake faɗi, kuma har ga Allah ina jin daɗin faɗinsa, amma in ka tona, so nake mai unguwar ƙetaren fadama ya ji sunana ya kasa cin tuwo.

Kada ka ce mahaifinka ya hana ka buri. Ka nemi gaba, ka nemi girma, ni na fi kowa son in ji an ce ɗana ne babba a ofis. Amma duk aikin da za ka sa hannu, ka tsaya ka tambayi kanka, kai kaɗai ba mai jin ka: in ba wanda zai gani, ba wanda zai yaba, zan yi shi? Da na yi wa kaina tambayar nan da ban taɓa aguwar nan ba. Kai ma ka yi wa kanka ita a kan gonar gwajin. In manyanka suka ce ba za su samu zuwa ba, har yanzu a wurin kake son ta?

Gonaki sun ƙare, ba inda za a ƙara gyada sai burtali, ga ƙasarsa baƙa wuluk saboda kashin shanu na shekara da shekaru. Na tara magidanta a zaure, na raba goro, na ce shawara na kawo. Shawarar me? Na riga na yi wa makaɗa magana, na sa ranar gayya. Na yi ta zuba, na ce Turawa sun tafi, yanzu mu ne da ƙasarmu, ba za mu bar ƙasa mai kyau shanu na tattakawa ba. Liman ne kaɗai ya yi gyaran murya ya ce, “Mai unguwa, a jira Fulanin su dawo daga kiwon rani mana, a ji ta bakinsu. Hanyar nan ba mu muka yi ta ba.” Na ce, “Allah gafarta Malam, kai dai ka ja mu salla, maganar ƙasa ka bar wa masu ita.” Dattijo mai furfura, aminin kakanka, a gaban jama'a! Ya sunkuyar da kai. Sauran suka ce, “Yadda ka gani, ranka ya daɗe.” Na tashi ina murna wai kowa ya yarda.

Ka riƙe wannan da kyau, don kai ma yanzu za a fara ce maka ranka ya daɗe. Mutanenmu ba sa ce wa mai rawani a'a, haka ba sa ce wa mai wando da takalmi sau-ciki. Za su ce to, su yi maka addu'a, su raka ka har bakin hanya, in ka ba da baya su dubi juna. In kana son sanin abin da ke ran mutum, bar zaure, bi shi gonarsa, karɓi fartanyarsa ka taya shi noma har gumi ya karyo maka, sannan ka tambaye shi. Wanda kuma ya daure ya ce maka a'a a cikin taro, ka riƙe shi hannu biyu ko da maganarsa ta yi maka ɗaci. Ni nawa wulaƙanta shi na yi, daga ranar kuwa ban ƙara jin gaskiya a zaurena ba.

Aka yi gayya, ganga na tashi, samari suka sare aguwar nan kaf a yini ɗaya. Aka raba wurin gida huɗu, na ɗauki na baki don ya fi taki. Ruwa ya sauka muka shuka. Gyada ta fito ta yi kore shar, sai ga Ardo ya dawo. Da hantsi ne, ina tsaye a gonar. Shanun suka zo inda suka saba shiga suka tsaya cik, na baya na tura na gaba, suna ta kuka, fadama na can gabansu suna hango ta. Ardo ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya dubi gyadar, ya dube ni.

“Audu, ina hanya?”

Ka san abin da na ce masa? Na ce, “Mai unguwa ake cewa.”

Ya gyara riƙon sandarsa. Can ya ce, “To, Mai unguwa, ina hanya?”

Na ce su zagaya ta bayan jigawa. Ya ce zagayen nan rabin yini ne, akwai masu ciki, akwai 'yan maruƙa. A nan ne na faɗi maganar nan taka ta mai sanda. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na samu sauƙi. Ya juya ya kira shanunsa da sunayensu, suka bi shi.

Ba a yi wata ba wasu shanu suka ƙwace suka bi tsohuwar hanyarsu ta cikin gyadar Tanko. Aka yi faɗa, aka fasa wa ƙanen Ardo kai, har yau ba ya ji da kunnen hagu. Magana ta je gaban alƙali. Alƙali ya tambaye ni, ni da nake mai unguwa, ko akwai burtali a wurin tun asali. Na ce, “Allah gafarta Malam, 'yar hanya ce dai da ake bi.” Ba a ba ni Alƙur'ani ba, ban rantse ba, shekara goma sha biyar ke nan ina lallashin kaina da haka. Amma na san abin da na yi, alƙali ya fahimci abin da nake so ya fahimta. Aka ba Fulani rashin gaskiya. Kafin kaka Ardo ya tashi da rugarsa ya koma wajen Balan.

Aikinku na takarda ne, kullum za a riƙa neman rahoto a wurinka. Na san ba za ka zauna ka shirga ƙarya ba, ba haka innarka ta raine ka ba. Abin da nake jiye maka shi ne irin tawa, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi, ka rubuta gonar da ta yi kyau ka tsallake wadda ta ƙone. Wanda ke sama ba ya ganin ƙauye sai ta cikin takardarka. Da abin da ka rubuta za a yanke wa mutane hukunci, wani a hana shi iri, wani a tashe shi daga wurinsa, kai kana gida kana cin tuwo ba ka ma sani ba. Ka rubuta duka, ko da maigidanka na ofis zai ɓata rai.

An kai ni nunin, kada ka ce ban samu abin da na nema ba. An faɗi sunana a rediyo sau ɗaya, ni kuwa lokacin na zagaya bayan gida, sai labari aka ba ni. Kyautar da aka ba ni garmar shanu ce sabuwa fil. Garmar shanu, ga mutumin da ya kori shanu! Wanda zai ba ni bijimai biyu in horar ai Ardo ne. Ita ce wadda kuka taso kuna hawa a zaure, tsatsa ta cinye ta, ba ta taɓa shiga ƙasa ba.

Shekara uku gyada ta yi, daga nan ƙasa ta fara gajiya. Ba garken da ke kwana a gonakinmu, don labari ya zaga rugage, Bafulatani ko ruwa ba ya tsayawa sha a unguwarmu. Takin zamani ya zo bana, baɗi a ce bai iso ba. Gonar da ke cika wa kakanka rumbu biyu ta koma ba ta cika ɗaya. Da aka shiga shekarun fari, ban ce ni na hana ruwa ba, wannan na Allah ne kuma ya taɓa kowa. Amma mutanen ƙetaren fadama da suka bar burtalinsu, ɗan ruwan da aka samu ya riƙe a ƙasarsu, sun ga gero ko yaya. Mu kuwa ka san abin da muka ci, kana zuwa hutu kana gani. Bayan fari ciwo ya faɗa wa gyadar, ganyenta ya nannaɗe, shi ke nan.

Saboda haka abin da ka tarar mutane na yi tun kaka da kakanni, kafin ka ce jahilci ne ka tambayi amfaninsa. Wani jahilcin ne, a kawar da shi, ban hana ba, ni ma na ga amfanin allurar shanu da maganin feshi. Amma ni na ɗauka burtali na Fulani ne su kaɗai, sai da rumbuna ya koma wofi na gane har da ni ake ci a cikinsa. Duk littattafan da ka karanta, ka bar wa tsohon da bai san bihim ba wurin da zai ƙara maka.

A tsakiyar farin nan Ardo ya biyo ta ƙofar gidan nan. Shanunsa sun mutu saura 'yan ƙalilan, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Ina leƙensa ta zana. Na ce wa innarka a ce ba na nan. Ta dube ni ta ce, “Haba Maigida, mutumin da matarsa ta yi jinyar ɗanka?” Na daka mata tsawa. Ya tsaya ya jima a rana, ya ce a gaishe ni, ya wuce. Ba abin da ya hana ni fita sai girman kai da na sa wa suna kunya. Da na fita na ce, “Manu, na cuce ka,” da tuni an wuce wurin. In ka yi kuskure a aiki, kuma za ka yi, ka faɗa da wuri. Ranar farko ta fi sauƙi, ni na jira, kowace shekara kuwa sai na ji bakina ya ƙara nauyi.

Ba wanda ya tuɓe ni daga sarauta. Mutane dai suka daina zuwa. A yi rigimar iyaka, sai in ji an kai wa Liman. A yi baƙo, a sauke shi gidan Liman. Ina zaune a zaure ni da rawani da garma, in ji sallama in gyara zama, ashe mai tallan goro ne. Da kaina na naɗe rawanin na kai wa dagaci, na ce ciwon ƙafa ya hana ni zirga-zirga. Ya karɓa bai ko tambaye ni wace ƙafar ba. Kai ma takardar ɗaukar aiki za ta ba ka kujera da tebur, amma ko manoma za su zo gaban teburin da abin da ke damunsu, wannan kai za ka nema da halinka.

Saura ɗaya, ita nake ta kewaye-kewaye don kada in iso gare ta. Ka tuna ranar da na tara shaidu na ba ka gonar, aka rubuta takarda, kana ɗan shekara goma sha biyu? Kowa na cewa Audu ya kyauta, ya yi wa ɗan makaranta tanadi. Na ga yadda ka riƙe takardar nan da hannu biyu. To, ji na yi an ce Ardo zai ɗaukaka ƙara. Na duba na ga in gonar ta zama ta yaro ɗan makaranta, da takarda da shaidu, ba alƙalin da zai so ya ƙwace ta. Ɓuya na yi a bayanka. Ardo bai ma ɗaukaka ƙarar ba. Ina son ka, Allah ya sani, ban taɓa faɗa ba kuma ba zan iya faɗa da baki ba, amma kyautar nan ba ta ƙauna ba ce. Yau ga shi ta ɗaure mini hannu, abin da na ƙwace ba ni da ikon mayarwa sai da izininka.

Ina jin ku kuna hira da abokanka a ƙofar gida, kuna cewa ƙasar nan ta samu arziki, saura masu ilimi su tashe ta tsaye. Ina jin daɗi, wallahi, har nakan rage tari don kada ku san ina saurare. Mu ma haka muka ce da aka sauke tutar Turawa. Ku kun fi mu ilimi, shi ya sa nake tsoro. Ni da gatari da gayya hanya ɗaya na toshe, kai da tarakta da sa hannu kana iya toshe ɗari ba ka ma taka wurin ba. In gonar gwaji kake so, ga ta bayan gida, ga ta jigawa, ɗauki wadda ta yi maka, ko duka biyun. Na san ba su kai ta burtali kyau ba, manyanka ba za su yi tafi sosai ba. Amma in sabon irin naku na kirki ne, ai a gajiyayyiyar ƙasa ya kamata ya nuna kansa, don irinta ce a hannun talakawa.

Ba zan yi maka dole ba. Ina da ikon in ce na umarce ka, na kuma san za ka bi ka tafi da abin a ranka, amma na yi mulki da dole na ga ƙarshensa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, jiya har an yi yayyafi wajen Toranke. In ruwa ya sauka su Tanko suka shuka, magana ta mutu sai wata shekara. Ardo ya tsufa, ni ma haka, ban san wanda zai ga wata shekarar a cikinmu ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan tafi Balan da ƙafata, ko me ka ce zan je. Kafin ka hau mota ka gaya wa Sale kalma ɗaya. In ka ce a buɗe, zan ce wa Ardo ya kawo shanunsa. In ka ce a'a, zan durƙusa in nemi gafararsa, sannan in gaya masa da bakina cewa ɗana ya girma, ya yi ilimi, ya kuma gaje ni. Don Allah kada ka sa ni faɗin wannan.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum. Allah ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa, ya ba ka lafiya da abinci na halal, ya dawo mana da kai cikin aminci. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ni.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Audu